Ko Laifi Ne Mutum Ya Komo Gida Yana Jan Ƙafa?

Kwanan baya wani saurayi, malamin makaranta a ƙasarmu, ya komo daga Ingila bayan ya yi shekara guda yana karatu. Ranar da ya sauka an yi murna ƙwarai. Tun da hantsi mutane suka taru a tashar mota, mata suna guɗa, yara suna rige-rigen ɗaukar akwatinsa, uwarsa kuwa ta kasa magana, sai hawaye. Aka yanka akuya, aka ci aka sha har dare. Da taro ya watse ya zo gaishe mu, ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Baba, akwai maganar da ba na iya faɗa wa kowa a gidanmu. Ni ban so dawowa ba. Ranar da na shiga jirgi ji na yi kamar kamo ni aka yi. Yau kuma da na ga tsohuwata tana kukan murna, kunya ta rufe ni, gama zuciyata tana can. Ashe ni butulu ne?"

Ba mu ba shi amsa a daren nan ba, gama tambaya irin wannan ba a amsa ta da barci a ido. Amma mun roƙe shi izini mu kawo maganar gaban masu karatu, ba tare da sunansa ba, domin mun sani ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan kaya ba. Akwai da yawa da suka komo suna dariya a fuska, suna ɓoye abin da ke ciki.

Da za a kai maganar bakin kasuwa, nan da nan za a yanke hukunci. Dattawa za su ce, ya ga wuri ya raina gida, abin da a ke tsoro ke nan tun ranar da aka sallame shi. Samari kuwa za su yi masa dariya su ce, wauta ya yi da ya dawo, wa ya aike shi? Dukansu biyu sun yi gaggawa. Sai mu zauna mu duba abin a hankali.

Da fari, wannan ciwo ba jirgin sama ya kawo shi ba. Fataken ƙasar Hausa na dā sun san shi sarai. Ayari ya kan tashi daga Kano da kaka, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jan fata, madugu yana bisa kan tafiya, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja, inda a ke sayen goro. Tafiya da zama da dawowa su kan ci kusan shekara. Kowa ya kan bar gida da niyyar komowa, amma ba kowa ke komowa ba. Wani ya ce bari in jira ayari na gaba, bashina bai fito ba tukuna. Wani ya yi aure a masauki. Da aka yi yaƙin Salaga a 1892, baƙin garin suka warwatsu, da yawa kuwa ba su nufi Kano ba, suka gangara Karachi da Kumasi da Ankara. Zangon da ke waɗannan garuruwa yau cike ya ke da jikokin mutanen da suka yi sallama da gida a kan tafiyar shekara ɗaya. Ba mu faɗi wannan domin mu zarge su ba. Mun faɗa domin saurayin nan ya sani abin da ya ja zuciyarsa ya ja zukatan manyan mutane kafinsa.

To, me ya sa shekara ɗaya ta ke da wannan ƙarfi? A ganinmu shekara ɗaya ita ce mafi ruɗi cikin dukan ma'aunin tafiya. Wanda ya yi wata ɗaya a baƙuwar ƙasa, yawon buɗe ido ya yi, yana komowa da ɗoki. Wanda ya yi shekara goma ya riga ya ɗanɗana ɗacin wurin, ya san inda takalmi ke matsa shi. Amma mai shekara ɗaya, ga yadda tasa ta kan kasance. Watanni ukun farko wahala ce zalla: sanyi yana shiga ƙashi, abinci ba ya daɗi a baki, in sun yi magana da sauri ba ya ji, da dare yana kwance yana begen tuwo da miyar kuka. A tsakiyar shekara ya fara gane hanya, ya san motar da za ta kai shi makaranta, ya sami aboki ɗaya ko biyu. Sai wajen ƙarshe, sa'ad da kunnensa ya buɗe, malamai suka san sunansa, rana ta fito, itatuwa suka yi ganye, a ce masa lokaci ya yi, ɗaura kayanka. Kamar mutum ne da ya sha wahalar huɗa da noma, hatsi ya fara bununi, aka ce ya bar gonar. Wane ne zai tashi da daɗin rai?

Akwai kuma wani abu, wanda shi ne muka fi so saurayinmu ya lura da shi. Shekarar nan duka, zaman baƙo ya yi. Ba wanda ya buga masa ƙofa da asuba a kan kuɗin makarantar ƙanensa. Ba a kira shi sulhun iyakar gona ba. Bai yi jinyar kowa ba, bai haƙa kabarin kowa ba. Kuɗin abinci da na ɗaki suna shigowa kowane wata, aikinsa ɗaya ne tak, karatu. Tun da aka haife shi bai taɓa zama inda ba a san ubansa da kakansa ba, inda ba mai cewa ɗan wane ya yi kaza. Wannan sakewa tana da daɗi ƙwarai, ba mu musu. Amma in ya ɗauki shekarar nan ya aza a ma'auni gefe ɗaya, ya aza zamansa na gida a ɗaya gefen, ya yi awon zalunci. Abincin baƙo ya gwada da abincin mai gida. Mutanen ƙasar da ya gani suna tafiya da sauri a titi, su ma suna da bashi, suna da tsofaffi marasa lafiya, suna da maƙwabci mai fitina. Bai ɗauki kayansu ba, shi ya sa bai ji nauyinsa ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa ba ta san zafin tsakar rana ba, gama kafin lokacin ta tafi.

Da mun tsaya a nan, da mun sauƙaƙa wa kanmu, mu ce masa duka mafarki ne, ya wanke ido ya manta. Amma wannan ba gaskiya ba ce, shi ma ya sani ba gaskiya ba ce. Mun tambaye shi me ya fi kewa. Muna tsammani zai ce manyan gidaje ko kantuna. Ya ce, "Baba, na je ofis neman takarda, na tsaya a layi, da layi ya zo kaina aka ba ni. Ban san kowa a wurin ba, ban ba kowa kome ba." Ya ambaci ɗakin littattafai da ke buɗe har dare, da ruwan famfo da a ke sha ba tsoro, da malamin da ya ce ƙarfe goma, ƙarfe goma kuwa yana nan. Waɗannan abubuwa nagari ne. Wanda ya ƙaunace su bai yi zunubi ba. In muka ce masa son adalci a layi raina gida ne, mun koya masa ya kira mugunta gida, ya kira nagarta baƙon abu. Wannan kuwa mummunan darasi ne.

Sai mu tuna da waɗansu da suka yi irin wannan tafiya tun jirgin ruwa yana cin wajen mako biyu daga Ikko zuwa Ingila. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Balewa, shugaban makarantar Midil ta Bauchi, ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar London. A 1946 Malam Aminu Kano, shi ma malami a makarantar nan, ya bi sawunsa. London ɗin da suka tarar ba wurin holewa ba ce. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, gidajen da bom ya rushe suna nan, nama da sukari da tufafi sai da katin rabo, a Yuli 1946 ma har burodi aka sa cikin rabo. Farkon 1947 aka yi wani matsanancin sanyi, kwal ya yi ƙaranci, ana ɗauke lantarki. Dukiya kam ba su kwaso ba. Ido suka komo da shi. Sun ga ƙasa inda talaka ya ke jefa ƙuri'a ya sauke mai mulki, inda jarida ke tuhumar minista. Malam Aminu ya komo ya tara malamai, a 1948 aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Malam Abubakar kuwa a Agusta 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya kawo shawara a gyara tsarin mulkin En'e, maganar da ba a saba jin irinta a gaban sarakuna ba. Ko mutum ya yarda da siyasarsu ko bai yarda ba (a cikin masu karatunmu akwai iri biyun), ba mai musu cewa abin da suka gani a waje ya hana su zama lafiya da abin da suka tarar a gida.

Saboda haka muna cewa wannan nauyin zuciya yana da amfani. Mu da ba mu fita ba, idonmu ya saba. Mun daina ganin kwatar da ke ƙofar gidanmu, mun daina jin haushin taron da aka ce ƙarfe huɗu aka fara ƙarfe shida. Mai komowa yana ganinsu duka, suna yi masa zafi. Wanda ya yi shekara a waje ya komo ba abin da ya dame shi, mu kan yi shakka ko ya ga wani abu can ban da bangon ɗakinsa. Zafin nan ba ya daɗewa, shekara biyu ko uku ido ya sake sabawa. Kafin ya huce ne a ke iya ƙera wani abu da shi.

Amma fa har yanzu ba mu taɓa ainihin tambayar ba. Da ya ƙi dawowa fa, da ya yi laifi?

A nan dole mu tambaya, da kuɗin wa ya tafi, da wane alkawari kuma? Saurayinmu bai tafi da guzurin kansa ba. An zaɓe shi daga cikin malamai da yawa, aka riƙe masa gurbinsa, abokan aikinsa suka raba azuzuwansa a tsakaninsu shekara guda. Mutanen garinsu suka yi karo-karo domin tufafin sanyi, har wata gwauruwa ta kawo kuɗin kajinta. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma kowa ya san abin da a ke nufi: je ka koyo, ka komo ka koya wa 'ya'yanmu. Waɗansu masu ba da taimakon karatu sun rubuta nasu a fili. Taimakon da a ke kira Chevening, wanda gwamnatin Ingila ta fara a 1983, na karatun shekara ɗaya ne, sharaɗinsa kuwa mutum ya koma ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu. Ko a takarda ko a baki, alkawari kaya ne. Jin daɗin wani wuri ba ya sauke shi.

Ba kowane matafiyi ke ƙarƙashin wannan ba. Wanda ya sayar da gonarsa ya tafi da kuɗinsa, bai yi wa kowa alkawari ba, lissafinsa dabam ne. Wanda aka ƙone garinsu, ko ana neman ransa, ba mu da bakin ce masa ya komo. A 2021 Ingila ta buɗe wata ƙofa wadda ta ba ɗalibi damar zama shekara biyu yana aiki bayan ya gama karatu, mutanenmu da yawa suka shiga ta nan bisa doka, ba su cuci kowa ba. Akwai kuma hujjar da a kan kawo, mai ƙarfi ce, kada mu raina ta: a ce wanda ke can yana aiko da kuɗi kowane wata ya fi amfani ga iyayensa da wanda ke nan albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Sau da yawa haka ne. Mun san gidajen da kwanon rufinsu da maganin tsohonsu daga waje suke zuwa. Sai dai akwai abin da kuɗi ba ya yi. Kuɗi ba ya tsayawa gaban aji da alli, ba ya duba mai naƙuda da tsakar dare, ba ya zama kusa da uba a ranar da numfashi ke ƙarewa. In gari ya aika da mutum domin yana bukatar malami, ya sami kuɗi a maimakon malami, an biya shi da abin da bai roƙa ba.

Abin da muka fi gani yana ɓata mutane ma, yadda a ke ƙin dawowar ne. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya ce wa waɗanda suka aike shi, "Ga halin da na ke ciki, ina roƙo ku sake ni, ga yadda zan biya abin da kuka kashe." Wanda ya yi haka mutum ne, ko an ji haushinsa za a girmama shi. Yawanci dai ba haka a ke yi ba. A kan ce sai wata shida, in ɗan tara abin hannu. Wata shida ya zama shekara. Wayar da a ke bugawa kowace Lahadi ta koma sau ɗaya a wata. In uwa ta tambaya, a ce baɗi in Allah ya yarda. Mutum bai taɓa yanke shawarar zama ba, bai kuwa taɓa faɗin gaskiya ba, yana ta jiran ayari na gaba kamar bafataken Salaga, har furfura ta fito. Yaudara ce, ko da ba a shirya ta ba, waɗanda ke gida kuwa suna riƙe da ɗaki a share.

Mai son zama kuma ya tuna kujerar baƙo aro ce. A Nuwamba 1969 gwamnatin Ghana ta ba da umarni dukan baƙin da ba su da takardar izini su bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanen da suka yi shekara talatin a zango, da waɗanda aka haifa can ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci da abin da hannu zai iya ɗauka. Kada mu nuna Ghana da yatsa, gama a Janairu 1983 Nijeriya ta yi wa baƙinta haka nan, yawancinsu kuwa mutanen Ghana ne. Waɗannan su ne suka san komowa gida ba da son rai ba. Da yawa suka iske gonar gado an raba, bukkar uba ta zama kufai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, wannan karin magana ba zagi ba ne, labarin abin da ke faruwa ne.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu masu tarya, gama muna da namu alhakin. Mu kan yi guɗa ranar sauka, kashegari mu fara lissafin tsaraba. In ya kawo shawara a wurin aiki, a ce, "To, Bature ya zo." In ya tafasa ruwan sha, a ce yana ƙyamarmu. Wani a kan mai da shi kujerar da ya bari, ba wanda ya tambaye shi me ya koyo, takardar shaidarsa tana cikin akwati gara tana ci. Mun aike shi ya canza, ya canza, muna fushi. In bayan shekara ya sake ɗaure kaya, mu ce ai dama mun faɗa. Shi ma mai komowa yana da nasa. Akwai wanda ba ya iya gama magana sai ya ce "a can Ingila", ko zancen akuya a ke yi. Mutane ba sa ƙin gyara kamar yadda su ke ƙin a gwada su da waɗansu kullum. Wanda ya ke so a fara taro a kan lokaci, ya zo a kan lokaci ya zauna, mako bayan mako, ya bar Ingila ta huta.

Da saurayin ya sake zuwa bayan kwana uku, ga abin da muka ce masa. Butulu shi ne wanda ya ci amana. Kai ba ka ci ba. Zuciyarka ta ce zauna, ka tashi, wannan kuwa ya fi wuya bisa ga wanda ya komo yana ɗoki, gama shi bai bar kome a baya ba. Kada ka tilasta wa kanka ƙin ƙasar da ta yi maka alheri domin ka nuna kana son taka. Ka rubuta wa abokanka na can, ka gode wa malamanka. Amma ka zauna ka rarrabe kewarka kashi biyu, kamar yadda mace ke sheƙe hatsi. Abin da ke na hutun baƙunci, ka bar iska ta ɗauka, gama ko ka koma ba za ka same shi yadda ka bar shi ba. Abin da ke na gaskiya da adalci da tsabta, ka riƙe, ka nemi inda za ka shuka shi a nan, ko da a aji ɗaya ne.

Ya ce, "Baba, in faɗa wa tsohuwata?" Muka ce ba lallai ba ne yau, amma kada ya yi mamaki in ta riga ta sani.

Ranar Litinin ya koma makaranta. Mun ji ya roƙi shugabansu a ba shi wani ɗan ɗaki da a ke ajiye karyayyun bencina, ya share shi, ya jera littattafan da ya zo da su a kan katako, yara suna zuwa karatu bayan an tashi. Har yanzu in an ambaci London ya kan yi shiru. Babbar rigar sanyinsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba ranar da zai sa ta a wannan ƙasa. Uwarsa ta kan fitar da ita ta shanya a rana saboda asu, ta kakkaɓe, ta mayar inda ta ke.